Taki Kafin Ruwa a Lambunan Akokan

Shekaranjiya da hantsi wasu samari uku suka tsaya a bakin shingena suna kallona ina tona ƙasa da yatsa a gefen kabeji. Daga ganin takalmansu ka san daga wurin zinariya suka dawo, kuma ba su dawo da komai ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba Illa, mu ma lambun nan za mu shiga. Ai ba wuya, a watsa taki, a sako ruwa, a koma inuwa." Na ce masa gaskiyarsa, shi ya sa duk mai lambun da ke Akokan yake fama da tumbi. Suka dube ni, suka ga ko abin da za a soke a tsinke babu a jikina, suka fashe da dariya. Na ce su ƙetaro su zauna, tunda inuwar suka zo nema.

Abin da na gaya musu shi zan maimaita a nan, don irinsu suna da yawa kuma bakina ya fara gajiya. A maganar saurayin nan akwai gaskiya ɗaya da shi kansa bai san ya faɗa ba: taki ya fara ambata, sannan ruwa. Wanda ya riƙe wannan jerin ya riƙe rabin sana'ar. Na ga yadda juya shi ya kusa tura ɗan'uwana cikin ramin zinariya da ƙirjin da ko tudu ba ya iya hawa, kuma labarin ke nan da nake so ku ji.

Kayan aikina ba su cika buhu ba. Hauya ce mai gajeren ƙota, da felu, wato shebur, na buɗe bakin ruwa da toshe shi, da wuƙa, da ƙaramin gwangwanin tumatir da nake awon taki da shi. Cikinsa guda, a shafe baki da yatsa, shi ne abincin fangali biyu. An sha kawo mini sikeli a ce in waye, na ce na gode. Akwai kuma hanci, wanda ba a sayar da shi a kasuwa, kuma shi ne na fi daɗewa ina koyon aiki da shi.

Ban zo garin nan don in yi lambu ba. Daga Adar muka taso a bayan babbar motar kaya ɗaya ni da Sha'aibu, ɗan ƙanwar babana, wato taubashina, muna neman aiki a ramin yuraniyom na kamfani. Shi aka ɗauke shi. Ni likita ya rufe mini idon dama ya nuna mini allo, na ga hazo kawai, aka ce in koma gida. Kunyar komawa ta sa na gangara lambuna, inda wani dattijo Ba'abzine mai suna Agali ya dubi tafin hannuna, bai dubi idona ba, ya ce in zo gobe.

Wanda bai san wurin nan ba sai ya tambaya ina muke samun ruwa, tunda sai a shekara ba a ga hadarin kirki ba. Ruwan da ya fito daga gidajen ma'aikata ne ake tarawa a manyan tafkuna da muke kira basan, ya kwanta ya tace, sannan a sako shi ta magudana. Kowane lambu da ranarsa da lokacinsa. A zamanin da na fara, duk bayan kwana uku layi yake zagayowa kanka. Ƙasar kuwa rairayi ce mai kanwa. In fangali ya bushe za ka ga fari-fari a gefensa, ka lasa ka ji ta a harshe.

Aikin farko da Agali ya bar mini in yi ni kaɗai shi ne ciyar da fangali huɗu na kabeji, wanda mu nan muke ce wa shu. Shekarata biyu ke nan ina share masa magudana ina kwasar kashin awaki daga wurin makiyaya. Ya miƙo mini farin takin zamanin nan mai kama da sukari, ure, ya ce in san yadda zan yi da shi, ya tafi ya zauna yana hura gawayin shayi. Ni kuwa ɗan manoma ne, ina jin ba wanda zai koya mini zuba taki. A garinmu jira muke a yi ruwa, da ya ɗauke mu fita da ƙwarya mu watsa a kan danshi. Haka na yi. Na bari aka gama ba fangalin ruwa, na watsa ure a sama, na kuma bi da toka a kan ganye saboda tsutsa, kamar yadda na ga ana yi tun ina goye. Agali yana kallona ta saman rawani, ya ci gaba da hura gawayinsa.

Sai a rana ta uku, kafin a sako ruwa, ya kira ni. Hausarsa irin ta mutanen dutse ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Illa, durƙusa. Sa hanci."

Na durƙusa na shinshina. Wani wari ya doke ni, irin na garken awaki da ya kwana biyu ba a share ba, har idona ya kawo ruwa.

"Ka ji shi? Shi ne takinka, yana tafiya," in ji Agali. "Ƙasa bai ci ba, shu bai ci ba. Iska ya ci. Garinku sama yana dawowa ya tura shi ƙasa. Nan wa zai tura?"

Kabejin nan bai mutu ba, amma ganyensa na ƙasa ya yi ɗorawa, kuma har aka cire shi bai naɗe ya wuce dunƙulen hannu ba. Na tambayi Agali dalilin da ya sa bai hana ni ba tun farko. Ya ce da ya hana ni da na ji da kunne, kunne kuma mantuwa gare shi. Haka yake koyarwa, sai ya bari ka faɗi sannan ya nuna maka abin da ya taɗe ka. Na daɗe ina ganin babu koyarwar da ta fi wannan.

Agali ya san abin da ke faruwa, amma wanda ya fayyace mini dalilinsa wani mai sayen karas ne a wurina, Musa, mutumin Damagaram, wanda ke aiki a ɗakin awon ƙasa na kamfani, muna ce masa Musa Labo. Wata Lahadi ya zo da kwalabe biyu masu faɗin baki. Ya zuba jiƙaƙƙiyar ƙasar lambuna a kowace. A ta farko ya barbaɗa ure a sama ya ƙara toka, a ta biyu ya tura uren ƙasa da tsinke ya rufe shi. Ya toshe su ya ce in ajiye a rana. Da ya dawo bayan kwana uku muka buɗe, ta farko sai da na kau da kai, ta biyu kuwa ƙamshin ƙasa kawai take yi.

Ya ce mini ure ɗanyen abinci ne, ƙasa ce take dafa shi. Da ya taɓa danshi sai ya narke, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su kama shi, cikin kwana biyu zuwa uku su mayar da shi abin da ya kira amoniyak. In a binne wannan canjin ya same shi, sai ya manne da laka da tsohon kashin dabbobi ya zauna yana jiran saiwa. In a sarari ya same shi, ga zafin rana ga iska, kuma ƙasar mai kanwa ce, sai ya zama tururi ya tashi. Na ce to ina laifin toka? Ya ce in tuna abin da mata ke yi in kanwa ta ƙare a gida za a kaɗa miya, ai ruwan toka suke tacewa. Toka da kanwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Wanda ya haɗa toka da ure a kan ƙasarmu ya ƙara wa mai gudu ƙaimi ne.

Bai tsaya nan ba. Ya ce wanda ya zauna a ƙasan ma ba zai dawwama yadda yake ba. Bayan mako ɗaya ko biyu wasu halittun za su sake juya shi ya zama nitrat, kuma shi ne shuka ta fi sha da sauƙi. Sai dai shi nitrat ba ya manne da komai, duk inda ruwa ya nufa nan ya nufa. A rairayi irin namu, in ka cika fangali ya yi ambaliya, sai ya wuce saiwa ya nutse inda ko kabewa ba za ta kai ba. Tun daga ranar na daina ba shuka abincinta gaba ɗaya. Sau uku nake rabawa. In ja layi da yatsa nesa da gindi kamar faɗin tafin hannu, zurfin yatsa uku a kwance, in zuba, in rufe, sannan in sako ruwa daidai wanda zai jiƙa ba wanda zai wanke ba. Toka kuma tana da ranarta daban, ba ta haɗuwa da ure a mako ɗaya.

Akwai wata shekara da na yi zarin salati. Kukun wani Bature ya ce maigidansa yana son ganye manya, sai na ninka gwangwani. Salatin ya fito kore shar har yana baƙi-baƙi, kowa ya wuce sai ya tsaya ya yaba. Kwana biyu kukun ya dawo mini da shi a leda ya zama ruwa, ya ce kuma ɗaci gare shi. Shukar da aka ɗura wa taki jikinta ruwa ne, ba ta jure hanya, kuma ita kwari suka fi so. Matan ma'aikata sun fi kukun nan sanin kaya. Su sai sun karya ganye sun ji ƙararsa kafin su taya. Su suka riƙe ni shekara da shekaru, har Agali ya tsufa ya koma cikin duwatsunsu ya bar mini lambun.

Duk tsawon wannan zamani Sha'aibu yana ƙarƙashin ƙasa, har ya zama shef, yana da mutane a hannunsa. In ya tashi aiki yakan tsaya da mota a bakin shingena, ba ya ko kashe ta, ya ƙwala kira, "Mai salati, kawo na ɗari biyu, ka wanke hannunka tukuna." Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi, ni ma ina ramawa in ce masa gafiya mai hular kwano. Amma wasa yana da gishiri, kuma nasa yakan yi yawa. Shekara talatin bai taɓa taka cikin lambuna ba.

Shekarar da aka rufe ramin Akokan ita ce muguwar shekara a sana'ata. Gidajen ma'aikata suka fara zama kango, masu sayen kaya suka ragu, ruwan da ke zuwa basan ma ya ragu tunda masu wanka da wanki sun tafi. Layin ruwa ya koma sau ɗaya a mako. A ranarka za ka shayar da fangali, ka kuma cika ƴar randar siminti da za ka riƙa yayyafi da ita da buta har mako ya zagayo. Ana cikin wannan ƙunci sai ga waɗanda aka sallama suna gangarowa lambuna, kowa da sabuwar hauya. Ure ma ya yi wuya a kasuwa, in mota ta kawo daga kudu kafin la'asar an wawashe.

Sha'aibu ya karɓi lambun da ke gabas da nawa, fangali sittin, ya dasa shu. Ranar ruwansa Litinin, tawa Talata. Bai nemi shawarata ba, ni ma ban kai masa ba. Matarsa Rabi ce ta zo wata rana da azahar kamar mai sayen yakuwa, ta tsaya tana juya ganye a hannu.

"Yaya Illa, ka san ƙirjin ga nashi," in ji ta. "Likita ya ce kar shi sake shiga wurin ƙura. To akwai wani direba da ka kai mutane Cibarakaten wurin haƙar zinariya, ya ce masu rami na biɗar wanda ya san aikin ƙasa, ya aje mishi wuri gaban mota. Ya ce mini in shu ɗin ga bai yi ba, tahiya za ya yi. In ya tahi, Yaya, ba ya dawowa da ƙahwa tai."

Na ce mata in sha Allahu shu zai yi. Na faɗa ne kawai don ta samu abin tafiya da shi.

Mako uku da dashe, ran Litinin bayan la'asar, na ɗaga kai na hango Sha'aibu cikin lambunsa da tsofaffin takalman aiki, ya rungumi tasa. An gama ba shi ruwa, fangali sai ƙyalli suke. Yana tafiya yana wurga hannu dama da hagu, farin abu yana zuba a kan danshi. A bakin shinge ga buhu biyu na toka da aka tara masa daga murhun gida. Sanyi bai shigo ba a lokacin, rana tana nan da ƙarfinta, ga iska tana kaɗawa daga gabas. Na ajiye hauya na ƙetara.

"Sha'aibu, tsaya. Nawa ka zuba?"

"Duka. Mi za ni aje ma?"

"Abincin sau ukku ne ka ba su sau guda, kuma bisa ruwa. Nan ba a zuba shi bayan ruwa. Kuma kar ka sa tokar ga."

Ya dube ni yana murmushi, yana numfashi da ƙyar. "Mai salati, ubana da ubanka haka sunka yi, kuma sun cika rumbu. Yau kai za ka canza ma Adarawa noma? Ni da na riƙe mutum arba'in ƙarƙashin ƙasa ban rasa ko guda ba?"

"Can ana ruwan sama."

"To nan ma an yi na ƙasa. Je ka wanke hannunka."

Na juyo na bar shi yana kwance bakin buhun toka. Gaskiya ita ce na ji haushi ƙwarai, kuma na so ya faɗi. Na ce a raina wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, bari Alhamis ta yi in kama wuyansa in durƙusar da shi ya shinshina, yadda aka yi mini. Har na ji daɗin tunanin.

Washegari Talata bayan sallar asuba na tsaya da felu a inda magudana ta rabu biyu, hagu lambuna, dama na Sha'aibu. Ina da fangali arba'in na salati, kwana goma da dashe, sun riga sun sunkuyar da kai suna jiran ruwan nan, randata kuma ta kai ƙasa. Salatin da bai kafu ba ba ya kai mako biyu a rairayi ba ruwa, wannan ko ɗan koyo ya sani. Amma na san wani abu kuma. Uren da aka watsa jiya da yamma yawancinsa bai gama juyewa ba, yana nan a narke a fatar ƙasa. In ruwa ya bi ta kansa yau zai tura shi ƙasa inda zai zauna. In aka jira Litinin mai zuwa, abin da bai tashi sama ba zai ƙone gindin dashen, kuma babu wani uren a kasuwa da za a maye gurbinsa.

A nan ne na ga inda koyarwar Agali ta tsaya. Ni da aka bari na faɗi, fangali huɗu na rasa, ina saurayi, kuma da daddare tuwona yana jira a gidan maigidana. Shi Sha'aibu in ya faɗi a gaban mota zai tashi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da mai rabon ruwa ya iso na ce masa yau dama za mu yi. Ya dubi salatina ya dube ni, ya ce, "Ruwanka ne, Illa. In ka so zuba shi bisa hanya." Na sa felu na toshe hagu.

Aikin ba na sakin ruwa a koma gefe ba ne. Ɗanyen ure shi ma mabiyin ruwa ne, in na cika fangali zai wuce saiwa, in zama na yi asarar salatina a banza. Sai na riƙa shiga kowane fangali in fara kankare tokar da ta taru a gindi da gefen hauya in watsar waje, in buɗe baki, in tsaya ina kallo har ruwa ya hau yatsa biyu a kwance, in toshe, in wuce na gaba. Ban taɓa aiki da sauri irin na ranar ba, da shekaruna da komai. Ina kan na talatin da wani abu Sha'aibu ya iso.

"Wa ya ce ka taɓa mini lambu? Ruwan jiya bai isa ba, sai ka ruɓar mini da saiwa?"

"In ka gama hwaɗan, ɗauki hauya ka kankare tokar can gabana."

"Ruwan wa ne wanga?"

"Na Talata."

Ya juya ya dubi lambuna. Ya daɗe yana kallon salatin nan. Bai ɗauki hauyar ba, ya je ya zauna a kan buhun toka yana tari. Lokacina ya cika saura fangali uku a can ƙarshen gabas ban kai gare su ba, mai rabon ruwa ya rufe ya wuce lambu na gaba.

Zuwa Asabar salatina ya kwanta. Na ceci fangali shida da ruwan da maƙwabta suka sammini a bido, wato jarka, sauran na tuge na ba awaki. Matan da suka rage masu saye a wurina suka koma wurin wani, wasu har yau ba su dawo ba. Na ji zafin abin, ba zan ɓoye ba, kuma na fi jin zafinsa da Sha'aibu ya yi mako biyu yana wucewa ta bakin shingena ko sallama babu.

Amma ran Alhamis ɗin nan na hango shi ta tsakanin kara. Ya je wurin fangali ukun da ruwa bai kai ba, ya waiga ko ana kallonsa, ya dafa gwiwa ya sunkuya. Ya ɗago da sauri yana murza hanci. Ya taka zuwa waɗanda na shayar ya sake sunkuyawa, ya daɗe a can. Na ci gaba da yayyafa wa salatina ruwan bido. Cikin kwana goma bambancin ya fito yadda ko daga kan hanya ana gani. Ukun nan gefen ganyensu ya ƙone, sauran jikin ya yi ɗorawa. Hamsin da bakwai kuwa suka yi kore suka buɗe, ban da ɗaiɗaiku da taki ya taru a gindinsu.

Ranar da ya shigo lambuna da ƙafarsa ina ɗaure tumatir. Ya tsaya yana duban sama kamar mai neman hadari, sannan ya ce, "Gwangwanin ga naka, fangali nawa yaka ci?" Na ce biyu. Ya ce a shafe ko a tule? Na ce a shafe. Ya ce to. Iyakar godiyar da na samu ke nan, kuma a wurin Sha'aibu ba kaɗan ba ce.

Da shu ya fara naɗewa yana bukatar ɗan ƙari, tunda ruwan makonni ya tafi da wani abu daga na farkon. Ina da ragowar ure a tulu, na rufe bakinsa da leda saboda yana shan danshin iska ya dunƙule. Ran Lahadi da hantsi na ɗebo na kai masa, muka tsuguna a fangali ɗaya, ina jan layi yana kallo, sannan ya karɓa. Hannun da ya saba da injin fasa dutse ne, ramin farko da ya tona sai da na ce masa ba kabari aka ce ya haƙa ba. A fangali na huɗu ya daidaita.

Muna cikin haka mota ta tsaya a bakin hanya, ta sha kaya har sama, bidodin ruwa suna reto a gefenta, mutane a zaune bisa buhuna sun naɗe fuska. Direban ya sauko ya zo bakin shinge ya yi sallama. Shi ne wanda Rabi ta gaya mini.

"Shef, yau ne fa," in ji shi. "Na hana mutum biyu wurin nan saboda kai. Masu ramin sun ce in ba kai ba ba su son kowa."

Ni dai na sunkuyar da kai ina shafe bakin gwangwani. Sha'aibu ya yi tari, ya dubi motar, ya dubi layukan shu da suka fara dunƙulewa. Ya zuba abin da ke tafinsa a ramin, ya mayar da ƙasa ya danna da yatsa.

"Ba wani wurin," ya ce. "Gobe Litinin, ina da ruwa."

Direban ya tsaya kaɗan ko zai canza magana, sannan ya koma ya tayar da mota. Sha'aibu bai bi ta da kallo ba. Ya miƙo mini hannu ya ce in zubo na fangali na gaba.